In abokai sun gayyace ka cin kaza da giya a Koriya: shago, bakin kogi, Itaewon ko ka soya da kanka?

Duk wanda zai zo Koriya ta Kudu karatu ko aiki, ko tallafin karatun gwamnatin Koriya (GKS) ne ya kawo shi ko hukumarsu ta taimakon ƙasashen waje (KOICA) ko wani kamfani, akwai gayyatar da ba makawa sai ta same shi, sau da yawa ma tun bai gama gane hanyar ɗakinsa ba, wato a ce masa yau da daddare za a fita chimaek. Soyayyar kaza ce da giya mai sanyi, abokai a zauna a ci a sha a yi ta hira har dare ya raba. Toh mu da yawancinmu ba ma sha, kuma ba kowace kaza muke ci ba, nan take mutum zai ji ya shiga tsaka mai wuya, ya je ne ko kar ya je, in ya je me zai ci, in ya ƙi me za su ɗauke shi. Abin da nake so ƙannena masu tahowa su gane shi ne ba zaɓi biyu ne kawai ba, wato ko ka bi su ido rufe ko ka kulle kanka a ɗaki. Wurin da aka zauna shi ke yanke kusan komai, kuma sau da yawa kana da ta cewa a kan wurin in dai ka yi magana da wuri.

Kuma kar ka raina gayyatar nan. Shagon kaza a wajen mutanen nan kamar teburin mai shayi ne a wajenmu, nan ake warware gajiya, nan ake jin labarin da ba a faɗa a ofis ko a lab, wane farfesa ne ke da sauƙi, wane kwas ne zai kashe ka, wa ke neman mai taya shi aiki. Abin ya daɗe yana ginuwa, tun 1977 da Lims Chicken ya buɗe a cikin kantin Shinsegae na Seoul, sannan da tattalin arziki ya rushe a 1997 aka sallami ma'aikata rututu, da yawa suka ɗauki ɗan abin da aka ba su suka buɗe shagon kaza a unguwa, sai kuma gasar cin kofin duniya ta 2002 da Koriya ta kai wasan kusa da na ƙarshe, mutane suka kwana a gaban talabijin da kaza da giya, daga nan abin ya zama jiki. Wanda kullum amsarsa a'a ce, bayan sau biyu uku sai a daina kiransa, ba don an tsane shi ba, su a ganinsu takura masa suke yi, shi kuma ya zauna yana cewa Koriyawa ba su da son baƙo.

Kafin a zo kan wurare akwai matsala uku da mutanenmu ke cakuɗawa waje guda alhali kowacce daban take. Ta farko yanka. Kazar da manyan kamfanonin nan ke soyawa mai ƙashi ta cikin gida ce, daga mayankar kamfani ta fito, ba yankan Musulmi ba ce, kuma masu cewa ai abincin Ahlul Kitabi ne su tuna a ƙidayar 2015 fiye da rabin mutanen ƙasar sun ce ba su da addini, Kiristoci duka-duka ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, don haka hujjar da wani zai kafa a Amurka ko Ingila ba ta zauna daidai a nan ba. Akwai wata 'yar ƙofa da wasu ke bi, wato sunsal, tsoka zalla marar ƙashi, domin shaguna da yawa cinyar kaza ta Brazil suke amfani da ita, kuma kwalayen Brazil ɗin da yawa na ɗauke da tambarin halal saboda ƙasashen Larabawa suke sayar wa. Doka ta tilasta wa kowane shago ya rubuta ƙasar da namansa ya fito, wonsanji suke ce masa, za ka gan shi a bango ko ƙasan menu ko cikin manhajar oda. Amma fa a rubuta Brazil ba shi ne a rubuta halal ba, sai in ka ga kwalin da idonka, kuma wasu kamfanonin sunsal ɗinsu ma na cikin gida ne.

Ta biyu abin da ke cikin sos da man suya. Koriyawa na girki da wata giyar girki mai zaƙi, matsul ko mirim, sannan gochujang da ganjang na kanti, wato manna barkononsu da ruwan waken suyarsu, sau da yawa ana zuba musu ɗan sinadarin barasa da ake rubutawa jujeong don kar su lalace. Man kuma a wasu shagunan shi ɗin dai ake tsoma tsiran alade a ciki, musamman inda ake sayar da sotteok, wani tsinke da ake jera tsiran da curin shinkafa. Ta uku ita ce zaman kansa, akwai hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamai sun yi bayani a kan wanda larura ta kai shi da wanda ya je don nishaɗi. Fatawa aikin malamai ce, ka tambayi wanda ka yarda da shi tun kana gida ko a masallacin garin da ka sauka, ni dai abin da nake nuna maka shi ne wane wuri ke warware wacce daga cikin ukun nan, don babu dalilin da za ka ɗauki duka uku a ka alhali canjin wuri kaɗai zai sauke maka biyu.

Wani abu kuma da ke ruɗar waɗanda suka biyo ta Malesiya ko Singafo, sun saba cin kazar kamfanonin Koriya irin Kyochon a Kuala Lumpur ko NeNe a Singafo da takardar halal a manne a ƙofa, sai su zo Seoul su ga suna ɗaya tambari ɗaya su shige. Takardar ta reshen can ce, ba ta biyo sunan zuwa nan ba.

Toh mu fara da shago, ko hof kamar yadda ake rubutawa a allon da yawansu. Gaskiya in maganar daɗin kaza ce zalla babu wanda ya kama ƙafarsa, domin daga cikin mai sai gabanka, fatar na ƙara in ka ciza, tururi na fita, kuma sirrin kazar Koriya dama a fatar yake, yawanci sau biyu ake soya ta, a tsame ta huce kaɗan a mayar, kitsen fatar ya narke ta zama siririya garas-garas. Za a ajiye muku chikin-mu, wasu fararen 'yan guntayen saiwa da aka jiƙa a ruwan kal da sukari, su ke yanke maiƙo a baki, in sun ƙare a ƙaro kyauta, da ɗan bokitin zuba ƙashi, da cokula masu yatsu biyu ko safar hannu ta leda, a tsofaffin shaguna har da yankakken kabeji da kecaf da mayonis a kai. Akwai ƙararrawa a jikin tebur, ka danna a zo, ba a ba da tukuici, ana biya a bakin ƙofa in za a fita. Lokacin sanyi kuwa da Seoul ke sauka ƙasa da sifiri da kusan digiri 10 a Janairu, kusan shi kaɗai ne zaɓin da mutane za su yarda da shi.

Matsalarsa ita ce a nan giya ce ke jan ragamar zaman ba kaza ba. Da zama za a fara kawo manyan kofuna na cc 500 ko jug guda, Cass ko Terra ko Kelly, wani ya ce a kawo soju, wato farar barasarsu, a gauraya da giyar a haɗa abin da suke kira somaek, kuma al'adarsu ba ka zuba wa kanka, wani ke zuba maka kai ma ka zuba masa, in babba ne da hannu biyu, a ɗaga kofi a ce geonbae. Kaga kenan ko ba ka sha, hannunka na iya kaiwa ga kwalbar in ba ka yi hattara ba, don ƙarami a tebur shi ake sa ran zai zuba wa manya. Maganin wannan tun kafin a zauna ne, ka ce sul mot masyeoyo, wato ba ka iya sha, ka ƙara da cewa addini ne, kuma ba ka zubawa. Wallahi mafi yawansu da sun ji addini shikenan, matasan yanzu ma da yawansu ba sa sha, abin da ke ɓata musu rai shi ne ka yi shiru sai an cika maka kofi sannan ka ture. Ka nemi kolla ko saida, kar sunan saida ya tsorata ka, lemon kwalba ne fari irin Chilsung, babu komai a ciki. Giyar da ake cewa marar barasa kuma iri biyu ce a dokarsu, mualkol wadda babu ko ɗigo irin Hite Zero 0.00, da bialkol wadda ke da ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba irin Cass 0.0, ni dai ban ga abin da zai kai ka can ba, ka riƙe gwangwanin da ya yi kama da na giya a hoto ya isa gida ka yi ta bayani.

Sai kuɗi, kuma nan ne aka fi cutar marar sha ba tare da kowa ya yi niyya ba. Abokai sa'o'in juna raba lissafi suke daidai wa daida, enppang, mutum ɗaya ya biya da kati sauran su tura masa ta KakaoPay ko Toss. Ɗauki misali ku shida ne, kaji uku a kan won 22,000 kowacce (won shi ne kuɗin Koriya), 66,000 kenan, biyar ɗin kowa ya sha kofi uku a kan 4,500, 67,500 kenan, kai lemonka 2,000. In aka raba shida za ka biya sama da 22,000 alhali abin da ya shiga cikinka 13,000 ne, kuma ba asarar ce ta fi damuna ba, ragowar kuɗin giya ka biya wa mutane. Ka faɗa da wuri cewa za ka biya kason abinci da lemonka, abu ne da su ma suke yi wa marasa sha a tsakaninsu, ba rowa ba ce. Kuma ka sani shagon kaza sau da yawa zagaye ɗaya ne cikin daren, daga ilcha, zagaye na farko, a wuce icha, na biyu, wata mashayar ko ɗakin waƙa, ka tsaya a na farko ka yi sallama, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma wajen sha biyu zuwa ɗaya yake tsayawa, tasi kuma a Seoul daga won 4,800 take farawa sannan daga ƙarfe 10 na dare akwai ƙarin kuɗi.

Ga wanda ya yanke cewa zai ci kazar, ko ɗan'uwanmu Kirista da yanka ba matsalarsa ba ce, ga yadda nake ganin manyan sunayen. Kyochon da ya fara a garin Gumi a 1991 nasa na tafarnuwa da ganjang ne, ana shafa sos ɗin da buroshi gutsure-gutsure, fata siririya, ga gishiri ga zaƙi, amma yankan ƙanana ne, in kun kai huɗu kaza ɗaya ba za ta je ko'ina ba. BBQ da aka kafa a 1995 an san shi da Golden Olive, rigar fulawa mai kauri, manyan yanka, wanda ya saba da soyayyar kaza irin ta gidajen abincin Abuja nan zai fi jin ya iso gida, sai dai kuɗi, ya kai won 20,000 a 2022 ya koma 23,000 a 2024. bhc kuma Bburinkle ɗinsa da ya fito a 2014 garin cuku ne mai zaƙi aka barbaɗe, yara da 'yan mata na mutuwar sonsa, ni kam bayan guda biyu yake ginsata. Goobne a oven yake gasawa ba suya ba, ga mai gudun maiƙo. In za ka tambaye ni me za a fara cewa a kawo, banban, rabi huraideu wato soyayya tsura da ɗan gishiri da masoro a gefe, rabi yangnyeom mai jan sos ɗin nan mai danƙo da ya fito a shekarun 1980. Kar jan ya ruɗe ka ka zaci yaji ne, zaƙi ya fi yawa, bakin da ya saba da attarugu ba zai ji komai ba. Wanda ke gudun shubuhar sos kuwa ya tsaya a huraideu, ya fito da ƙullin yajin tsirensa daga jaka in ya taho da shi, a nan ne ma za ka ga Koriyawan na miƙo hannu. Akwai kuma padak da ake tula wa yankakken ganyen albasa da sos mai hawa hanci, shi ma ya yi, yana rage nauyin mai.

Na biyu, bakin kogin Han da ya ratsa Seoul, kuma tun yanzu in faɗa shi na fi so ga yawancinmu in yanayi ya ba da dama. A Yeouido ko Banpo ko Ttukseom ko Mangwon za ka ga mutane sun baje tabarmin leda a kan ciyawa, ana yin oda ta manhajar Baemin ko Coupang Eats ko Yogiyo, mai mashin ya kawo wurin da aka ware don karɓar saƙo, ɗayanku ya je ya amso. Abin da ya sa ya fi mana shi ne a nan babu tebur ɗaya babu lissafi ɗaya. Kowa shiga ɗan kantin da ke wurin yake ya sayi abin shansa da kuɗinsa, mai giya ya ɗauki gwangwaninsa kai ka ɗauki lemonka, babu mai zuba wa wani, babu mai lura da kofin wa ya ragu, kuɗin kaza kaɗai ake karo-karo. Sannan babu mai hana ka zuwa da naka abincin, ka soyo kazarka ta halal daga ɗaki ko ka sayo a Itaewon, unguwar babban masallacin Seoul, ka zo da ita a roba, ka ajiye a tsakiya kowa ya ɗanɗana, a shago kuwa ba za ka iya shiga da abincin waje ba. Kaga yanka ya warware, sos ya warware, kuɗi ya warware, saura zaman, shi ma fili ne, kana iya shimfiɗa taka tabarmar a gefe, ka tashi ka taka ka dawo, in Magariba ta yi, wadda a tsakiyar bazararsu sai kusan ƙarfe 8, ka ja gefe ka yi sallarka a kan ciyawa, ba wanda zai ce maka kanzil. Ga 'yan'uwa mata masu hijabi ma ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, akwai iyalai da yara da masu keke, ana farawa da rana tsaka, kina iya tashi kafin dare ya yi ba tare da an ga kamar kin fasa taro ba. A Banpo daga Afrilu zuwa Oktoba har da ruwan da ke feshi daga jikin gada da fitilu.

Amma shi ma da nasa. Kazar da ta yi rabin awa ko fiye a kwali ta yi gumi, ƙarar fatar nan ta ragu, musamman yangnyeom da sos ya riga ya jiƙa, don haka a nan gara huraideu a ce a sa sos daban, ko dakgangjeong, 'yan guntayen soyayyar kaza masu sos mai zaƙi da danƙo, wanda dama an yi shi ne don a ci ko ya huce. Akwai kuɗin kawowa, da a da babu shi, Kyochon ne ya fara karɓar won 2,000 a 2018 sauran suka bi. Manhajojin kuma suna son lambar wayar Koriya da aka tantance, sabon zuwa da bai karɓi katin zama ba sai dai aboki ya yi odar. Ranar Asabar da yamma wurin karɓar saƙon cunkushe yake, masu mashin goma na kiran lamba lokaci guda, layin banɗaki ma dogo, gara ka zo da alwalarka. Kuma lokacinsa gajere ne, Afrilu zuwa farkon Yuni, sai Satumba da Oktoba, don daga ƙarshen Yuni damina ce ta jangma, Agusta zafi da gumi da sauro, daga Nuwamba kuma iskar kogin ba ta zaunuwa. Wanda ba a Seoul yake ba ya nemi makamancinsa, ciyawar cikin jami'a ko bakin teku, a Busan ma filin Millak da ke kusa da Gwangalli tun 2023 aka hana shan giya a cikinsa, in ka ja abokai can magana ta ƙare.

Na uku, kai ka zama mai gayya ka kai su Itaewon. Ka sauka a tashar Itaewon ta layi na 6 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ka haura tudun da ke kai wa babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, hanyar cike take da gidajen abincin Musulmi da kantunan nama, kuma akwai masu yin abincin Koriya na halal har da soyayyar kazar. Nan ne kaɗai za ka ci ka sha ka miƙe ƙafa babu tambayar komai, ga masallaci a kusa. Abin lura dai, hukumar yawon buɗe idon Koriya ta kasa gidajen abinci gida huɗu, wanda ke da takardar halal daga hukuma irin KMF, ƙungiyar Musulmin Koriya, wanda mai shi Musulmi ne ya shaida da kansa, wanda ke da wasu abincin halal amma yana iya sayar da giya, da wanda alade ne kawai babu. Na ƙarshen nan kazarsa na iya zama irin ta ko'ina, don haka ka karanta alamar da kyau kar ka ga kore ka shige. Rauninsa kuwa, yawanci ya fi tsada, wuraren ba su da yawa kuma yau a buɗe gobe a rufe, sai ka duba a Naver Map ko KakaoMap kafin ka tara mutane, sannan gaskiya ba kowanne ne suyarsa ta kai ta manyan kamfanonin ba. Kuma abokanka da suka fito da niyyar sha za su ci su ji daɗi su yi ta hoto, amma a ransu an yi rabin chimaek ne, suna sauka tudun za su nemi mashaya, wanda ba laifinka ba ne, kai dai ka yi sallama a tasha. Wanda ke Daejeon ko Gwangju ko Pohang kuwa kuɗin jirgi kaɗai ya ninka na kazar, sai dai a haɗa da ranar Juma'a ko Idi.

Na huɗu da mutane ke rainawa, ka soya da kanka. Kantunan 'yan Pakistan da Uzbekistan da Indonesiya da ke kusa da yawancin jami'o'i na sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal, a intanet ma ana samu, kuma kilo biyu na cinya bai kai abin da za ka kashe a dare ɗaya a shago ba. Ka jiƙa ta da gishiri da citta da tafarnuwa da masoro, ka turbuɗe da sitacin dankali ko ka haɗa da fulawa kaɗan, ka soya a wuta matsakaiciya wajen digiri 160 zuwa 170 har ta dahu, ka tsame ta sha iska minti biyar, ka ƙara wuta ka mayar minti biyu. Sos ɗin kecaf da zuma da tafarnuwa da garin barkono ya wadatar in ba ka samu gochujang marar jujeong ba. Chikin-mu ana sayar da shi a roba a kanti. Wahalar ita ce ɗakin ɗalibi ƙarami ne, wasu ɗakunan kwanan jami'a ma an hana girki sai a kicin ɗin tarayya, warin mai zai kwana a kayanka, maƙwabta ba sa son hayaniya bayan 10, kuma shara a nan ba wasa, ƙashin kaza ba ya shiga ledar ragowar abinci, ta sharar gama-gari yake shiga, man kuma ba a zuba shi a sinki. Amma gidanka dokarka, ka ce kar a zo da giya kuma ba wanda zai zo da ita, sai dai su zo da kek ko 'ya'yan itace, don ba sa shiga gidan mutum hannu rabbana.

Akwai fitar da ake haɗawa da yawo, ita kuma a taƙaice. Bikin chimaek na Daegu da ake yi tun 2013 a filin Duryu lokacin zafi, wannan kam giyar ce a gaba, cunkoso da kiɗa, ban ga abin da marar sha zai tsinta ba. Layin tongdak (soyayyar kaza irin ta da) na Suwon kusa da ganuwar Hwaseong da ake soya kaza a manyan tukwanen ƙarfe har a haɗo maka da ƙundu, da dakgangjeong na kasuwar Sokcho ko Sinpo ta Incheon, yawo ne mai kyau amma maganar yanka na nan daram. Kallon wasan besbol a filin Jamsil na Seoul kuwa kusan hukuncin bakin kogi ne, kowa da kujerarsa da abin hannunsa.

In abokai ne sa'o'inka kuma ana cikin watannin daɗi, ka riga kowa cewa mu je Hangang, wato kogin Han, da wuya ka ji wanda ya ƙi, ka zo da kazarka. In sanyi ne kuma ku kaɗan ne, uku ko huɗu da kuka shaƙu, ɗakinka ko Itaewon. Shago na bar wa wanda ya riga ya samu natsuwa a kan maganar zaman, kuma ko shi ya zaɓi mai haske irin na iyali da ke bakin titi ba hof ɗin ƙarƙashin bene ba, ya zauna a ƙarshen tebur kusa da sauran marasa sha, in ba zai ci kazar ba ya nemi dafaffiyar masara da cuku ko salak ko dankali bayan ya tambayi man, ya ci abinci tun daga gida don kar yunwa ta yanke masa hukunci.

Inda ba ka da ikon zaɓen wuri shi ne hoesik, wato fitar da farfesa ko shugaban ofis ya kira, shi zai biya kuma rashin zuwa ana lura da shi. A nan kar ka tari farfesan a gaban jama'a, ka samu babban ɗalibin lab ɗin ko wanda aka ɗora wa kama wuri kwana biyu kafin ranar, ka gaya masa abin da kake ci da wanda ba ka ci, ka ba shi sunan abu biyu da za ka iya ci irin kifi ko abincin teku, don shi ma sauƙi yake nema ba ya son a zauna a ga baƙo da faranti wayam. Sau da yawa za a canja wurin gaba ɗaya ko a yi maka oda daban. Ka je da wuri, ka gaida gyosunim, wato farfesan, da kyau, in an ɗaga kofi ka ɗaga na lemonka da hannu biyu in ranka ya natsu da hakan, ka zauna awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in an fara maganar icha ka je ka yi masa godiya ka kama jirginka.